Kundin aikin intalok na tsakar gidanmu: neman abin da zai riƙe gefe

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Yau muka ɗaga tsohuwar hanyar intalok (bulon kankare da ake shimfiɗawa a ƙasa) da ta tashi daga ƙofar gida zuwa bakin falo, wadda aka shimfiɗa mana shekara uku da suka wuce, lokacin da muka tare a wannan gida na bayan garin Zariya. Na yi niyyar rubuta yadda aikin yake tafiya saboda ƙanena da zai fara nasa bayan damina, kuma don ni kaina in riƙa tuna dalilin kowace shawara idan wani wuri ya motsa nan gaba.

Bulon da muka ɗaga lafiyarsa ƙalau, da ƙyar muka ware 'yan ƙalilan da suka fashe. Gefen ne ya ci amanarmu. Wanda ya yi aikin farko ya jera bulonsa ya gama, sannan ya kwaɓa siminti ya shafa a bakin layin ƙarshe kamar mai yaɓe, kuma simintin nan a kan yashin shimfiɗa ya zauna. Damina ta farko ta zare yashin daga ƙarƙashinsa, ya tsattsage, layin ƙarshe ya kwanta waje, na biyu ya bi shi, har tsagar da ke tsakanin bulo ta buɗe yadda yatsa zai shiga, ciyawa da tururuwa suka sami mazauni.

Dalilin da ya sa ɓarnar ta bi hanyar gaba ɗaya yana cikin yadda intalok yake aiki. Babu siminti tsakanin bulo da bulo. Yashi ne kawai cike da tsagar da faɗinta bai wuce milimita 2 zuwa 5 ba, kuma idan ƙafa ko taya ta taka bulo ɗaya, wannan yashin da ya matse shi yake raba nauyin ga maƙwabtansa. Matsewar kuwa ba ta ɗorewa sai akwai abin da ya tokare filin ta kowane ɓangare. Na tuna daɓen ɗakin kakarmu, wanda mata suka buga da madaɓi suka shayar da shi makuba: tsakiyarsa ya yi shekaru bai ce komai ba, amma bakin ƙofa, inda babu bango, nan ya fara marmashewa, sai da aka gyara dokin ƙofar ya tsaya.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Mun auna filin ni da Baba, dattijon maginin da zai jagoranci aikin. Tsakar gidan mita 9 ce da mita 7. Bangon ɗakuna ya tare ta ta arewa, katangar gida ta tare ta ta gabas, saboda haka waɗannan ɓangarori biyu ba su buƙatar komai. Kudu a buɗe take wajen lambu, tsawon mita 9. Ta yamma za a yi kwata, kuma idan aka cire bakin hanya abin da ya rage bai kai mita 6 ba. Hanyar kanta mita 14 ce da faɗin mita 1.2, tana lanƙwasa ta kewaye darbejiya, gefenta biyu ke nan mita 28. Sai wurin ajiye mota kusa da ƙofa, mai buɗaɗɗen gefe mita 8.5. Jimillar gefen da ke neman matokari ta kai kusan mita 51.

Baba ya so a sayi bulon gefe, wanda su magina suke kira kab, a zagaye ko'ina da shi a huta. Na roƙe shi ya ba ni mako ɗaya, domin abin da ke tura kowane gefe daban ne: mota ce a wani wuri, ruwa a wani, saiwar itace a wani, wani kuma ƙafar mutum ce kawai.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ƙanena, wanda ya karanta aikin injiniya, ya zo da rana muka zauna a gindin darbejiyar muka tattauna dabarun tokare gefe ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi kansa bulon kankare na shimfiɗa a ƙasar Holan ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da tubalin ƙonanniyar ƙasa ya yi ƙaranci saboda sake gina gidaje, kuma tun kafin nan da nisa Rumawa suna kafa manyan duwatsu a gefen hanyoyinsu saboda wannan dalili da muke fama da shi.

Na nuna masa hotunan da na gani a intanet na wani dogon abin roba mai kusurwa, wanda ake yawan amfani da shi a Amurka. Ana ɗora shi a bayan layin ƙarshe, a kafe shi da dogayen ƙusoshi masu tsawon santimita 25 zuwa 30, a rufe da ƙasa, ba a ganinsa ko kaɗan, kuma yana bin lanƙwasa cikin sauƙi. Ya burge ni ƙwarai. Sai ya ce, "Yaya, ku lura da abu biyu. Ƙusoshin nan a cikin fasasshen dutse da aka daddaɓe suke kamawa, amma a jar ƙasarmu idan ta jiƙe a watan Agusta za ku iya zare su da hannu. Na biyu, su can sanyi ne matsalarsu, ruwan cikin ƙasa yana daskarewa ya kumbura ya fasa siririn kankare, shi ya sa suke gudunsa. Mu ba mu da wannan." Na ƙara da nawa dalilin, cewa roba a rana irin tamu, idan ƙasar da ta rufe ta ta zaizaye, ba ta daɗewa take bushewa ta karye, balle kuma sai an yi odarsa daga waje.

Katako ba mu ɓata lokaci a kansa ba, gara ta riga ta yanke hukunci. Ƙarfen angul, wanda mai walda zai iya haɗa mana cikin yini ɗaya, yana da ƙarfi kuma siriri ne, sai dai tsatsa za ta ci shi a ƙasa mai laima, kuma kaifinsa abin tsoro ne a gidan da yara suke gudu babu takalmi. Bulon gini mai inci 6 da ake kafawa a tsaye a cika raminsa da siminti, wanda ya fi kowanne araha kuma ya cika unguwarmu, shi ne na daɗe ina jinjinawa. Amma bulon gini yashi ne da siminti kaɗan, an yi shi don ya zauna a bango a yi masa filasta, kuma na ga yadda na maƙwabta ya zama gari inda taya take gogarsa. Araha ba ta ado.

Abin da ya rage mana uku ne, kuma dukkansu kankare: kab da aka riga aka buga, kankaren da za a zuba a wurin cikin allon katako, da kuma layin bulon intalok da za a dasa a kan kankare a yi masa kafaɗa ta baya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun zaga wurin masu buga intalok guda uku. Kab ɗin da na auna tsawonsa santimita 50 ne, tsayinsa 30, kaurinsa 10. A wuri na farko na goga ƙusa a jikin ɗaya sai yashi ya zubo, kuma da Baba ya ƙwanƙwasa shi da guduma ƙarar ta fito a dakushe. A wuri na uku ƙarar ta fito tas, kusurwoyin ba su marmashe ba, kuma mai wurin ya nuna mana inda yake jera sababbi yana ba su ruwa a ƙarƙashin rumfa. Nan muka saya, guda 38, domin gefen lambu da na mota mita 17.5 ne, wato guda 35, sauran ukun na ko-ta-kwana.

Bulon shimfiɗa kuwa iri biyu muka yi oda: mai kaurin milimita 60 don tsakar gida, da mai milimita 80 don wurin mota. Tsohon bulon zai koma kan hanya.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

An fara haƙa, kuma yau ne muka fi yin doguwar muhawara da Baba. Lissafin zurfin bai kawo saɓani ba. A tsakar gida da hanya, bulo santimita 6, yashin shimfiɗa 3, tushe na fasasshen dutse 10, haƙa santimita 19 ke nan. A wurin mota bulo 8, yashi 3, tushe 15, wato 26. Inda muka rabu shi ne faɗin haƙar. Leburori sun ja igiya daidai inda bulo zai ƙare suka tsaya, ni kuma na ce a ƙara santimita 20 ta kowane buɗaɗɗen gefe, a zuba dutse a daddaɓe har can.

Baba ya ce, "Malam, wannan ai binne kuɗi ne, wurin da ba wanda zai taka kuke so a zuba wa dutse." Na ce, "Baba, ku duba tsohuwar hanyar. Gefen ya zauna a bakin rami, rabinsa a kan yashi rabinsa a kan ƙasar lambu, kuma ƙasar lambu kullum a jiƙe take." Ya yi shiru, ya je ya tona inda tsohon simintin ya karye da bakin cokalinsa, ya dawo ya ce wa yara su matsar da igiya. Ban ɗauki wannan a matsayin na fi shi sani ba, domin a awon gangara shi ya gyara mini kuskure. Na so ruwa ya bi ta kudu ya shiga lambu, shi kuwa ya nuna mini da tiyon awo cewa lambun ya fi tsakar gidan tudu, saboda haka dole gangarar ta nufi yamma, santimita 2 a kowace mita, wato santimita 18 daga katangar gabas zuwa bakin kwata.

Talata, 11 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, aikin ya koma daga bayan asuba zuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Wannan ya yi wa kankaren daɗi, domin zafin Maris da rana yana shanye ruwansa kafin ya kama.

An gama kafa kab. Kowanne ya zauna a kan shimfiɗar kankare mai kaurin santimita 10, gaurin kwano ɗaya na siminti, uku na yashi, shida na tsakuwa, sannan aka tara masa kankare ta baya har ya haura rabin tsayinsa, aka karkata samansa yadda ƙasa za ta rufe shi. Wannan kafaɗar ta baya ita ce ainihin mai riƙon. Kab da aka dasa a rami aka mayar masa da ƙasa kawai, ranar da taya ta jingina da shi zai kwanta. Buhu 4 na siminti suka tafi a nan.

A gefen lambu mun bar shi ya ɗago santimita 5 sama da inda bulo zai tsaya, don ya hana ƙasar lambu gangarowa. A wurin mota mun bar santimita 10 ta baya, domin direba ya ji taya ta taɓa shi ya tsaya. Kafin a kafa layin kab na biyu Baba ya jera bulo a ƙasa daga katanga zuwa igiya, babu yashi, ya matsar da igiyar santimita 4 don faɗin ya zo daidai da cikakkun bulo. Wannan ɗan matsin ya rage mana yanka mai yawa, kuma ya kawar da 'yan guntayen da ake cusawa a bakin gefe, waɗanda su ne suke fara ficewa. Dokar da muka bi ita ce kada guntu ya gaza sulusin bulo a inda mota take bi.

An lulluɓe kankaren da tsofaffin buhuna, yaro yana jiƙa su safe da yamma har kwana 7.

Asabar, 22 ga Maris

An zuba kwatar yamma cikin allon katako, da gauri mai ƙarfi, ɗaya da biyu da huɗu, da rodi biyu a bangon da zai tokare bulo. Kaurin bangon santimita 15. An yanka masa tsaga a kowace mita 2, domin idan zai tsage ya tsage a inda muka zaɓa. Samansa an saukar da shi yadda bulo zai fi shi tudu da kamar milimita 5 bayan daɓe, don ruwa ya tsallake ya faɗa kwata ba tare da ya tsaya ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Bayan hutun Sallah an shimfiɗa tsakar gida da wurin mota cikin kwana huɗu. Da yake gefunan duka sun riga sun kama, an bi da injin daɓe har baki, aka share busasshen yashi cikin tsaga, aka sake bi. A wurin mota an jera bulon yadda kowanne yake tokare da kan ɗan'uwansa a kusurwa, domin wannan jeri ya fi jure murɗar taya fiye da layuka miƙaƙƙu.

Hanya ce ta rage, kuma ita ce ta fi cin tunani. Ban so kab a nan ba saboda dalili biyu: hanyar siririya ce, idan aka ɗaga mata baki biyu za ta zama kwata, kuma kab mai tsawon rabin mita ba ya bin lanƙwasa sai da gibi mai muni a kowace mahaɗa. Shawarar da muka tsayar ita ce layin bulo a kwance ta faɗi a kowane gefe, a dasa shi a kan kankare mai faɗin santimita 25 da kaurin 10 wanda ya zauna kai tsaye a kan tushe, sannan a yi masa kafaɗa ta waje da ta tsaya santimita 2 ƙasa da saman bulo don ƙasa ta ɓoye ta. A ido ya yi kama da abin da aka yi mana da farko, har uwargida ta tambaya ko ba komawa gidan jiya muke yi ba. Bambancin yana ƙasa: wancan shafe ne a kan yashi, wannan kuwa kankare ne mai tsakuwa da ya kama bulon ta ƙasa da ta baya.

Darbejiyar ta kawo tata matsalar. Da aka haƙa ɓangaren da ke kusa da ita sai ga saiwoyi uku masu kaurin damtse kwance a sama-sama. Baba ya ɗauko gatari, na hana, domin inuwar nan ita ce falon gidan daga Maris zuwa Mayu. Muka matsar da lanƙwasar santimita 60 nesa da gindin, kuma a tsawon mita 5 da ke fuskantar itacen muka yanke shawarar raba kankaren gutsure-gutsure, kowanne mita ɗaya, da tsinken katako siriri a tsakani wanda za a zare. Saiwa za ta ɗaga shi wata rana, wannan babu makawa, amma idan ta ɗaga gutsure ɗaya za a gyara shi a yini guda ba tare da an fasa sauran ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

An gama gefen hanya ranar Talata da buhu 5, aka cike tsakiya jiya. Yau da safe ina bin gefen da ƙotar guduma ina ƙwanƙwasawa, sai na ji wani wuri kusa da bakin falo yana amsawa kamar ganga. Da aka tona sai muka tarar a tsawon kamar mita 2 yaron da ya yi wurin bai kwashe yashin da ya zube a kan tushe ba, ya zuba kankare a kansa, ranar da Baba ya tafi jana'iza. Kuskuren da ya sa muka ɗaga tsohuwar hanya shi ne ya sake dawowa ta hannun wani. Baba bai jira na yi magana ba, ya sa aka fasa, aka share har dutse ya bayyana, aka sake zubawa. Na hana a bi da injin daɓe kusa da wurin sai bayan mako ɗaya, kuma har lokacin injin zai tsaya aƙalla mita ɗaya daga duk gefen da bai kama ba, domin girgizarsa tana tura bulo waje kamar yadda taya take yi.

Juma'a, 16 ga Mayu

Daren jiya aka yi ruwa mai ƙarfi na farko tun da aka gama. Na fita da fitila ana cikin yi. Ruwan saman ya bi gangara ya faɗa kwata yadda aka tsara, hanya kuma ta zubar da nata ta gefe biyu, babu inda ya kwanta.

Da gari ya waye ne na ga abin da ban yi tanadinsa ba. A kusurwar kudu maso yamma, inda kab na lambu ya haɗu da bangon kwata, bulo kamar goma suna motsi idan an taka, ruwa yana fitowa ta tsaga. Sabon intalok yana shan ruwa ta tsagarsa kafin ƙura ta toshe ta, ruwan ya bi yashin shimfiɗa ya gangara zuwa mafi ƙasƙancin wuri, ya tarar mun rufe masa hanya da kankare ta ɓangare biyu. Gefen ya riƙe bulo, ya kuma riƙe ruwan da bai kamata ya riƙe ba. Laifin nawa ne, domin ƙanena ya ambaci ramukan tsiyaya tun a watan Fabrairu, na ce za a yi, na manta ranar zuba kwata.

Mun ɗaga bulon kusurwar, aka huda bangon kwata a wuri huɗu daidai ƙasan yashin, kowane rami da faɗin santimita 2.5, aka toshe bakinsa ta ciki da tsakuwa da ƙyalle mai tace ruwa don kada yashi ya bi. Aka canza jiƙaƙƙen yashin da busasshe aka mayar da bulo. Da an sa guntayen bututu a cikin allon katako kafin zubi, da aikin minti goma ne.

Lahadi, 15 ga Yuni

An yi ruwa sau da dama tun daga gyaran kusurwa, kuma bayan kowanne ina ganin ramukan huɗu suna ɗiga har zuwa hantsi, bulon wurin bai sake motsi ba. Na ja igiya a kan kab na wurin mota, yana nan a miƙe duk da ƙanena ya buge shi da taya sau biyu ranar Babbar Sallah. Yashin tsaga ya sauka kaɗan a ko'ina, mun ƙara share wani jiya da rana.

Abu biyu nake sa wa ido. A gefen hanya ta wajen indararon ɗakin baƙi, ruwan rufi ya fara wanke ƙasar da ta rufe kafaɗa, kankaren ya bayyana a tsawon taku uku. Bai tsage ba, amma idan zaizayar ta kai ga tushe za mu koma inda muka fito, saboda haka ranar Asabar za a jera duwatsu a inda ruwan yake faɗuwa, a dasa ciyawa a bakin hanyar. Na biyu shi ne gutsure na uku a gindin darbejiya. Na buga ƙusa a jikin katanga na auna tsayinsa daga igiya, na rubuta santimita 41 a bangon da alli, kuma zan sake aunawa a ƙarshen Agusta da kuma bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba.